Mutuwar da Aka Ɓoye Mini

Sa ya doke ni a ƙirji, jini ya taru ya matse mini zuciya, aka kai ni asibiti aka zuƙe shi. Ban mutu ba.

San kuwa nawa ne. Ni na sayo shi a kasuwar Maradun yana ƙarami, ni na koya masa huɗa. Shanun huɗa kowane da gefensa, na dama bai san hagu ba, na hagu bai san dama ba. A farkon waccan daminar wuyan na hagu ya yi gyambo inda itacen karkiya yake gogarsa, na ce bari in sauya musu gefe ko gyambon ya huta. Na shiga tsakaninsu da itacen a hannu. Na dama ya ga an ja shi inda bai saba ba, ya sunkuyar da kai, ya kwashe ni ya haɗa da gindin gawo. Ba ƙaho ya sa mini ba, goshi ne. Ko fata ba ta tsage ba. Har yau ban ga laifinsa ba.

Aka ɗauko ni zuwa gida, nan Garbadu. Matata ta dafa ruwa da ganye ta yi ta gasa mini ƙirji. Mai ɗori ya zo ya lalluba, ya ce ƙashi ya tsage amma bai rabu ba. Wanzami ya zo ya kafa ƙaho gaba da baya, ya juye baƙin jini a sakaina ya nuna mini.

"Ga mataccen jinin nan ya fita," in ji shi. "Gobe kai da garma."

Gobe ta zo ban tashi ba. Kullum numfashi yana ƙara gajarta. Na kasa kwanciya, sai dai in zauna in jingina da bango. Jijiyoyin wuyana suka tashi kamar igiya. Zufa mai sanyi, hannu mai sanyi. In na miƙe sai duniya ta yi duhu. Babban ɗana, wanda yake zaune da iyalinsa a gida ɗaya da mu, shi ya ce abin ya isa haka. Ya samo mota ya kai ni Talata Mafara. Can suka saurari ƙirjin, suka ɗaura mini abin awo a dantse, suka ce wannan na babban asibiti ne, a wuce birni yanzu yanzu.

A birni wani likita siriri mai tabarau ya shafa mini wani mai a ƙirji, ya dinga goga wani abu a kai yana kallon allo. Can ya juyo da allon wajena. Na ga wani abu yana motsi a takure, baƙi ya kewaye shi.

"Baba, wannan zuciyarka ce," ya ce. "Allah ya yi ta a cikin jaka. Dukan da ka sha ya ƙuje ta, jini yana tsiyaya cikin jakar. Jakar ba ta buɗewa, shi ya sa jinin ya matse zuciyar, ba ta samun wurin cika."

"An yi mini ƙaho."

"Ƙaho ba ya kaiwa nan."

"To mi ke kaiwa?"

"Allura, doguwa, ta ƙarƙashin ƙashin ƙirji. Zan gaya maka gaskiya, tana iya taɓa zuciyar kanta, a yi ɓarna wurin gyara. Muna kallon allo muke shiga, don mu kiyaye. In ba a yi ba kuwa, ba na jin za ka daɗe."

"Soka," na ce.

Idona biyu aka yi. Na ji allurar tana ratsa ni. Akwai lokacin da zuciyar ta yi firfita kamar kaza a hannun mahauci, likitan ya tsaya, ya ɗan janye, ta lafa, ya ci gaba. Aka dinga zuƙo jini baƙi ana juyewa. Numfashi ya dawo kamar an sauke mini buhun gero daga ƙirji. Suka bar mini roba a wurin tana tsiyaya. Da suka cire ta jinin ya sake taruwa, sai suka sa ni barci, suka tsaga ƙarƙashin ƙashin, suka buɗe wa jakar 'yar ƙofa don kada ya ƙara taruwa. Tabon yana nan, tsawon yatsa. Zuciyar ta koyi tsallake bugu ɗaya jefi-jefi, aka ɗora ni a kan ƙwayoyi.

Likitan nan ya gaya mini mutuwata ido da ido, ban suma ba. A riƙe wannan.

Ina kwance a asibitin yayata ta zo daga Dakko, ƙasar Bakura, inda take aure. Uwarmu ta rasu ina rarrafe. Yaya ce ta goya ni, da aka yi mata aure ta tafi da ni, a gidan mijinta na yi wayo. Sana'arta daddawa. Ta zauna a bakin gado ta dube ni sama da ƙasa.

"Sa ma ya gwada ya kasa," ta ce. "Kai dai tun kana goye ba ka jin magana."

"Yaya, ke kin ji? An ce hanya ba lahiya, kika taho."

"Rufe mini baki. In ka mutu wa zan yi wa faɗa?"

Ranar sallama likitan ya yi wa ɗana bayani ina ji. Ba ɗaukar kaya, ba garma sai ya ce. A rage gishiri da dunƙule. Magani safe da yamma, kada a tsallake. In numfashi ya gajarta ko ƙafa ta kumbura a dawo da gudu. A ƙarshe ya ce, "Ya huta, kada a dame shi." Ɗana ya riƙe duka, amma wannan ta ƙarshe ita ya ɗauka ya gina mini katanga da ita.

A ƙasarmu kowa yana da labarin wani da aka gaya wa mutuwa ya faɗi, aka ce zuciya ta buga. Ni kuma ga ni da zuciyar da aka soka, aka tsaga. Gida da unguwa suka haɗa baki ba tare da sun zauna ba.

Wayata ce ta fara tafiya. Aka ce ta faɗa rijiya. Rediyona batir ya ƙare, kuma duk Garbadu aka rasa batir. In na fito dakali wurin tsarana sai hira ta mutu, a koma maganar ruwan sama. Gaisuwarmu doguwa ce, kowa ya sani. Ina kwana, lahiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ina labari, sai alheri. Ko gidanka ya ƙone haka za ka amsa, sai an gama a zauna sannan a faɗi abin da ke akwai. Ni da an gama gaisuwar sai a tashi.

Na tambayi labarin san da ya doke ni, aka ce an kai shi ruga ya yi ƙiba. Na san an mayar da shi kasuwar Maradun saboda asibiti. Da an tambaye ni, ni zan ce a sayar. Ba a tambaye ni ba. Wata rana ina tsakar gida na hango makara tana wucewa ta saman danga.

"Wa ya rasu?" na tambayi matata.

"Wani baƙo ne, Malam."

Baƙo, kuma duk unguwa tana bayansa. Daga baya na lura mai shayinmu ya daina fitowa. Na ce bari in ga iyakarsu. Ni ne maigida, amma an mayar da ni tulun da ya tsage, ana lallaɓa ni a hankali.

Abu ɗaya ne bai canja ba, miya. Da Yaya ta ji an hana ni gishiri da dunƙule, ta ce daddawarta ta ishe ni. Duk Talata sai ta ba mutanen Dakko masu zuwa kasuwar Mafara ƙulli, ɗana ya karɓo. Daddawar Yaya ba ta ɓoyuwa. Kalwa ce zalla, ba gauraye. Ƙanana take yi, ta danna kowace da babban yatsa a tsakiya, kuma tana da ƙanshin hayaƙin ɗakin girkinta. Da ita na girma.

Wajen kaka miya ta canja. Da farko na ce bakina ne, magani ya ɓata shi. Makonni suka zagayo, haka dai. Na shiga madafa, inda ban saba shiga ba, na buɗe ƙwaryar daddawa. Manya ne, sumul, ba yatsa. Na sansana, waken suya.

Matata ta shigo ta same ni da ɗaya a hannu.

"Wagga daddawar ta wa ce?"

"Ta Yaya mana, Malam."

"Yaya ta sake yatsa ne?"

Ta kai hannu ta gyara ɗankwali. Tun ƙuruciya muke tare, in za ta faɗi abin da ba shi ba sai ta gyara ɗankwali. Ta fita ta turo ɗanmu.

"Gwaggo na nan lahiya, Baba," ya ce. "Ƙafa ce ke damunta, shi ya sa ta sa surukarta tana yi."

"Kira mini ita."

"Dakko ba sabis kwanan nan."

"To."

Washegari na sha maganin safe, na zuba na yamma a aljihu, na ce za ni duba dawa. Na bi ta bayan gari na fita hanya. Na hau kabu-kabu zuwa Talata Mafara, na ce wa mai mashin ya bi ramuka a hankali, ƙashina sabon ɗori ne. Daga nan mota zuwa Bakura, daga Bakura wani mashin zuwa Dakko.

Tun daga bakin lungu na sani. Gidan Yaya ana jin warin dafuwar kalwa kafin a ga ƙofarsa. Ran nan ba komai, iska kawai. Ta saman danga na ga manyan tukwanenta a kife.

Mijinta yana zaure a kan buzu. Tsoho ne, shi ya saya mini fartanyata ta farko. Na durƙusa muka gaisa, muka yi ta har ƙarshe, ban tsallake ko ɗaya ba. Ya ce lahiya lau, na ce lahiya lau. Sannan na ce, "Ina Yaya?"

Ya daɗe yana kallona.

"Ashe da gaske ba su hwaɗa maka ba."

Zazzaɓi ne, bai daɗe ba. Har an yi sadakar arba'in. Ɗana ya zo jana'iza, matata ta zo zaman makoki. Na tuna ranar. Sun ce mini suna za su a Bakura, har na ce su yi wa mai jego barka.

"Ta neme ni?"

"Ta neme ka. Ta yi ta nema."

"Mi aka ce mata?"

"An ce kana kwance, ba ka tashi, ba ka gane mutane. Don kada ta matsa a ɗauko ka."

"Ina kan dakali ina korar kaji."

"Ta ce to a ƙyale shi, in ya riga ni ya jira ni, in na riga shi in jira shi." Ya share ido da bakin riga. "Ta tahi tana tsammanin kai ma kana hanya."

Na ce ya kai ni. Muka taka a hankali, shi da sanda, ni da ƙirji. Ƙasar kabarin ta riga ta kwanta, ciyawa ta fito ta bushe. Na yi mata addu'a iyakar abin da na iya. Da na shafa, sai na sa hannu a kan tabon na tsaya. Na ce in gaskiyarsu ce, ga wuri, ga lokaci, ga ma rami kusa. Na jira. Ta buga, ta buga, ta tsallake ɗaya kamar yadda ta saba, ta ci gaba. Na yi kuka kamar yaron da aka sauke daga goyo, da sauti, tsoho yana riƙe da kafaɗata. Zuciyar ba ta tsaya ba. Muka koma gida na sha maganin yamma da ruwan randarta.

Kafin la'asar ta wuce ɗana ya iso a kan mashin, duk ƙura, ya gama neman gawata a cikin dawa. Ya tsaya a ƙofar zaure ya kasa shigowa.

"Baba, don Allah..."

"Shigo ka zauna. Ka ga na mutu?"

Ya zauna a ƙasa.

"Likita ya ce kada a dame ka."

"Ita ma likita ne ya ce a gaya mata ina mutuwa?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ni na rungume ka a mota, Baba. Jikinka sanyi kamar an gama. Ina kiranka ba ka amsawa. Ba zan iya sake gani ba."

Na san haka ne. Yaron nan ya sayar da abin da ya mallaka, ya kwana a barandar asibiti, bai taɓa yi mini gori ba. Don ƙauna ya yi. Ƙaunar ba ta mayar da ni sahun jana'izar Yaya ba.

"Na yahe maka," na ce. "Amma ba mu gama ba."

Da ranar komawa asibiti ta zo, na ce ya shigo ɗakin likita tare da ni. Aka shafa man, aka goga, aka kalli allo. Baƙin nan da ya kewaye zuciyar ya tafi. Likitan ya ce jakar ta bushe, ƙashi ya kama, zuciyar tana aiki ko da ba kamar da ba. Na gyara riga na ce ina da tambaya.

"Likita, in an gaya mini mutuwa, zan mutu?"

Ya cire tabarau ya dubi ɗana, ya dube ni. "Wa ya rasu?"

"Wadda ta goya ni. Aka ɓoye."

"Allah ya jiƙanta." Ya mayar da tabaran. "Baba, ba zan ce maka tashin hankali ba ya taɓa zuciya ba. Yana taɓawa, har ta mai lafiya. Amma taka rauni ta ji, kamar yadda ƙafa take jin rauni, kuma tana warkewa. Abin da nake tsoro a kanka shi ne ka bar magani, ko ka ɗaga buhu, ko ka ji numfashi ya canja ka yi shiru. Da na ce kada a dame ka, aiki nake nufi da hayaniya. A zaunar da mutum a gaya masa a hankali, wannan ya fi a bar shi yana zargi shi kaɗai."

"Maimaita wa wanga," na ce, na nuna ɗana.

"Na ji, Baba."

"Ka ji da. Yanzu ka saurara."

Likitan ya yi dariya, ya maimaita.

Da muka dawo Garbadu ban ko cire takalmi ba na kira matata.

"Wayata."

"Malam, ai ta faɗa..."

Hannunta ya kama hanyar ɗankwali, ta gan ni ina kallo, ta sauke shi. Ta shiga ɗaki ta buɗe kwalla ta ɗauko ta, naɗe a tsumma. A bushe take, ba ta taɓa ganin rijiya ba.

Na ce su zauna, ita da shi. Ban iya dogon zance ba. Na ce wuƙar likita ta shiga ƙirjina ina da rai, magana ba za ta fi ta kaifi ba. Na ce ranar da Allah ya rubuta mini ba ta hannun kowa a gidan nan. Duk abin da ya faru, mutuwa ko gobara ko ɓarawo, ni za a fara gaya wa. Wanda ya sake yi mini ƙarya don tausayi, ya ɗauka ya binne ni, kada ya ƙara gaishe ni.

"Sai ka sha maganinka ba faɗa," in ji matata. "Kuma ka bar satar gishiri a aljihu."

"Na yarda."

Da yamma na fita dakali. Hira ta mutu kamar kullum. Na zauna a tsakiyarsu na ce, "Mai shayi ya rasu, Yaya ta rasu, sa yana Maradun ko yana cikin tukunyar wani. Saura mi?" Sai wani tsohon abokina ya fashe da dariya ya ce, "Wallahi mun gaji da maganar ruwan sama." Ranar na ji labarin wata da watanni a zama ɗaya. Wasu sun yi zafi. Na tashi da ƙafata, na je gidan mai shayi na yi ta'aziyyar da ta makara.

Damina ta sake zagayowa. Wata safiya ina zaure ina gyaran igiya, na ji wayar ɗana ta yi ƙara a tsakar gida. Na ji ya yi salati ƙasa-ƙasa. Na ga inuwarsa a bakin ƙofa, ta zo, ta koma, ta sake zuwa. Ban kira shi ba. Na ci gaba da igiyata.

Ya shigo ya durƙusa. Ya gaishe ni, na amsa.

"Baba, daga Dakko ne. Mijin Gwaggo ya rasu da asuba. Ana jana'iza da hantsi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," na ce. "Tada mashin."

Muka isa kafin a fito da shi. Ban ɗauki makara ba, likita bai ba ni wannan ba. Amma na tsaya a sahun gaba, na bi shi har bakin rami, na zuba ƙasa da hannuna. Kusa da Yaya aka sa shi. Na matsa wajenta na gaya mata ina nan, ina tashi, ina gane mutane.

Yanzu ina Garbadu. Ban koma garma ba, ɗana ke riƙe ta, ni ina gaba da igiyar shanu, kuma ba na shiga tsakaninsu. Ina shan magani safe da yamma, ina zuwa birni a duba ni in lokaci ya yi. In na yi sauri numfashi yana tuna mini, sai in tsaya. Miya da daddawar kasuwa ake yi, na san ta kasuwa ce, ba wanda yake ce mini ta wani ce. Wayata tana aljihuna, a kunne.